Zuciyar mutum a fuska huɗu?

Wai yanzu kuma yaren Holan ake yayi. Tijjani Babangida ya buga wa Ajax, Sani Kaita ya buga wa Sparta Rotterdam, Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars zuwa VVV-Venlo a 2010, shi ke nan duk yaron da ya iya taɓa tamaula daga Kwanyawa har Rogo gani yake jirginsa na kan hanya. Allah ya kawo jirgin, ni ba na hassada.

Darasin da suke haddacewa a waya ne ke ƙona min rai. A jero fuskoki rawaya guda huɗu, wannan na dariya, wannan ta murtuke, wannan ta zaro ido, wannan na hawaye, a rubuta "blij", "boos", "bang", "verdrietig" a ƙarƙashinsu, wai an gama da abin da ke cikin zuciya. Haba jama'a! Fuska huɗu?

Yaron da ya tashi a gidan da ake bambanta haushi da takaici, ake raba kewa da bege, shi ne yau ya zauna bakin shagon caji yana danna hoto. Manomin da ruwa ya ɗauke masa masara tana bunni, wace fuska za ku ba shi? Amaryar da ake fitarwa daga gidansu tana kuka alhali auren take so fa? Kunya ma, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗan farinta, a wane hoton za ta shiga?

Su mutanen Holan ba haka suke da talaucin kalmomi ba. Suna da nasu zurfin, har suna alfahari da faɗin abin da ke ransu kai tsaye, abin da mu a nan sai ka ɓoye ka ce lafiya lau ko cikinka na tafasa. Wannan bambancin ne zai kunyata baƙo ranar da koci ya gaya masa gaskiya a gaban jama'a, kuma babu shi a cikin fuskokin nan.

Na yarda, mai koyo dole ya fara daga wani wuri, kuma gara wannan da zaman majalisa. Iyakar abin da zan yarda ke nan.

Samari, ku ci gaba da karatunku, amma ku nemi hirarrakin mutanen Holan ku saurari yadda suke faɗa da yadda suke ba da haƙuri. Wanda kuma ya sake turo min fuska mai hawaye a madadin ta'aziyya, kada ya jira amsa.