Rabi Da Tukunyarta: Sharhi A Kan "Alhaki Kuykuyo Ne"



Duk wadda ta saba karatun littattafan soyayya ta san yadda ake siffanta yarinyar da labari yake kanta. Fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, in ta yi murmushi ga wushirya. Kafin a kai shafi na goma wani Alhaji mai Marsandi ya gan ta ya susuce. To ke da kike baƙa, gajera, gashinki da ƙyar mai kitso take kama shi, in kin ajiye littafin kin ɗauki madubi, me za ki ce wa kanki? Daga nan raina kai yake farawa, daga nan kuma wasu suke kama hanyar mai sayar da man bilicin.

Shi ya sa nake so mu waiwayi littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wato "Alhaki Kuykuyo Ne", wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 2012. Rabi, wadda labarin yake kanta, matar aure ce mai 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana da halin yi, amma cefane sai an kai ruwa rana. Da ya auro Delu, macen bariki, sai gida ya rikice, ƙarshe ya kori Rabi da 'ya'yanta.

A nan ne marubuciyar ta burge ni. Mace mai 'ya'ya tara, an kore ta saboda wata, ai abin da zuciya za ta fara raya mata shi ne ta tsufa, ta ƙare, ba ta da sauran amfani. Rabi ta ji zafin, amma ba ta zauna zaman 'yan bori ba. Ta ɗora tukunya, ta shiga sayar da abinci, da shi ta riƙe yaranta. Girkin nan da ta yi shekara da shekaru tana yi ba ko sannu, shi ne mutanen waje suka zo suna biya da kuɗinsu. Ashe dama tana da daraja, mai gidan ne bai gani ba, ita ma kuma ba ta sani ba sai da ta gwada. Wannan ita ce yarda da kai ta gaskiya: ki san akwai abin da hannunki ya iya, ki kuma ga amfaninsa da idonki. Yabon miji yana da daɗi, amma abin aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ba mamaki Hajiya Balaraba ta iya rubuta haka. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙarama, auren ya mutu, daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci a Kano, har ta zama marubuciyar da ake karantawa a ƙasashen waje.

Sai dai ina da ƙorafi guda biyu. Na farko, 'yar Rabi, Saudatu, ta samu mafita ne ta hanyar auren mai kuɗi, Alhaji Abubakar. Yarinyar kirki ce, ba musu. Amma budurwar da ta karanta za ta iya cewa, to ni ma bari in zauna in jira nawa Alhajin. In bai zo ba fa? Da an nuna Saudatu ta kama wata sana'a ko karatu ya kai ta wani matsayi, da darasin uwar ya sauka a kan 'yar.

Na biyu, bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai mazan dangi suka matsa wa Rabi ta koma, alhali ranta bai so. Na san haka abin yake faruwa a gidajenmu, wataƙila ma marubuciyar ta yi ne don ta nuna mana halin da muke ciki. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne, Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke ciyar da gidan.

Saboda haka 'yar uwa, ki nemi littafin nan ki karanta. In kin gama, kafin ki ɗauki madubi, zauna ki lissafa abin da kika iya: ɗinki ne, kitso ne, ƙuli-ƙuli ne, ko koyar da yara karatu? Ki fara da ɗan abin da ke hannunki, da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu san darajar kanmu, amin.