Karta da Haɗin Aure a Ƙagaggun Labaran Ingila na Zamanin Riƙon Sarauta

Daga 1811 zuwa 1820 sarkin Ingila George na Uku yana fama da taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa sarauta. Wannan ɗan lokaci shi ne marubutan labaran soyayya na Turanci suka mayar gonarsu har yau. Abin da wannan nazari yake son dubawa shi ne dalilin da ya sa teburin karta da zauren rawa, inda iyaye mata ke nema wa ƴaƴansu miji, ba sa rabuwa a cikin waɗannan littattafai.

Dalilin yana cikin doka. A lokacin, dukiyar mace takan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai abin da aka keɓe mata a rubuce. Dokokin 1870 da 1882 ne suka sauya haka. Watau budurwa tana zuba duk abin da ta mallaka a hannu guda, kuma ba a sake rabon karta. Shi kuwa namiji, bashin caca bashin mutunci ne a wurinsa, ana biyansa kafin na tela da na mahauci. Wanda ya kasa sai ya nemi ƴar masu kuɗi, ko ya tsere, kamar yadda Beau Brummell ya tsallaka Faransa a 1816. Kalmar Turanci da ake kiran dukiyar amarya da ita tana nufin sa'a kuma, daidai da yadda “arziki” ke ɗauke da ma'anonin biyu a Hausa, abin da zai sauƙaƙa wa mai fassara aiki.

Jane Austen ta rayu a cikin zamanin, kuma ba ta yi wa lissafin ado ba. A Pride and Prejudice (1813) Wickham ya gudu da Lydia, ya bar bashin da ya haura fam 1,000, da yawansa na caca. Auren bai ɗauru ba sai da Darcy ya biya bashin, ya saya wa angon muƙami a soja. Mai karatu yana yi wa uwar ƴan matan dariya saboda rawar kanta wajen farautar suruki, amma ƴaƴa 5 gare ta, gidan da suke ciki kuma wani ɗan'uwa ne zai gaje shi. Tsoronta na gaskiya ne, Austen kuwa ba ta taɓa cewa ba haka ba ne.

Georgette Heyer, wadda ta kafa wannan salo da Regency Buck a 1935, ta fi ƙarfin hali a Faro's Daughter (1941), ko da yake labarinsa ya ɗan riga zamanin riƙon. A nan ba a bayan labule budurwar take ba. Deborah Grantham ita ce ke raba karta a gidan cacar gwaggonta, wadda bashi ya yi wa katutu. Wani matashin basarake ya nace sai ya aure ta, uwarsa ta tura attajiri Max Ravenscar ya saye ta da kuɗi ta janye. Nan ne littafin ya fi armashi, domin masu ƙyamar gidan caca su ne suka fara taya mace kamar haja, ita kuwa da ake kira ƴar caca ta ƙi sallamawa, har ta sa aka ɗaure shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Haka nan Deborah ce ta ɓoye Phoebe Laxton, yarinyar da iyayenta za su aurar wa mai kuɗin da take tsoro, a ƙarshe ta zama matar wancan matashi. Mai raba karta ta fi iyayen kirki iya haɗa aure.

Sai dai a ganinmu Heyer ta yi maguɗi a rabon ƙarshe. Takardun jinginar gidan suna hannun Lord Ormskirk, wanda yake son Deborah ba da aure ba. Ta yaya suka fita daga hannunsa? Ravenscar ya ci su a karta. Matsalar da caca ta haifar, caca ce ta warware ta, kuma wanda ya ci shi ne wanda ya fi kowa kuɗi tun farko. Mai karatu bai taɓa jin tsoron Deborah za ta ƙare a titi ba, alhali har rufe littafin Austen yana sane da cewa Lydia za ta yi ta roƙon ƴan'uwanta kuɗin biyan bashi.

Magadan Heyer sun bi ta kan wannan sassauci. A fim ɗin Bridgerton, da aka fara nunawa a 2020 daga littattafan Julia Quinn, Lord Featherington ya cinye kuɗin auren ƴaƴansa a caca, ya rasa ransa a kai, amma duk da haka ƴan matan uku sun sami mazaje, rigunan siliki kuma ba su ragu ba.