Fadar da Babu Sarki: Versailles da Al'adar Mayar da Fada Gidan Tarihi

Turawa suna da wata al'ada game da fadodin sarakunansu. Idan sarauta ta faɗi, ba su cika rushe fadar ba, sai su buɗe ta ga talakawa su shiga kallo. Fadar Louvre ta zama gidan tarihi a 1793, shekarar da aka fille kan Sarki Louis na 16. Sai dai a Versailles ne amfanin wannan al'ada da aibinta suka fi fitowa fili.

Louis na 13 ya fara gina wurin a 1623 don ya riƙa sauka idan ya fita farauta. Ɗansa Louis na 14 ya faɗaɗa shi, ya tare da gwamnatinsa a 1682, ya jawo manyan masu sarauta suka zauna a gabansa, inda babu mai motsi bai sani ba. Ko tashinsa daga barci sai da tsari: an san mai shiga ɗaki, an san mai miƙa riga. A Oktoban 1789 matan Paris suka tako da ƙafa saboda tsadar burodi, suka tasa Sarki Louis na 16 da iyalinsa a gaba zuwa birni. Aka yi gwanjon kayan ɗakunan. Sai a 1837 Sarki Louis-Philippe ya buɗe wurin a matsayin gidan tarihi, bayan ya rushe ɗakunan fadawa da dama don ya sami dogon zauren da zai jera zane-zanen yaƙe-yaƙen Faransa.

Buɗe ƙofar abin yabo ne, ba na ja da wannan. Jikan manomin da harajinsa ya gina wurin yau yana tsayawa a Zauren Madubai, ya ga fuskarsa a madubai 357. Damuwata ita ce abin da aka zaɓa a nuna. Mai ziyara yana bin hanyar sarki, yana leƙa lambu ta tagar sarki, ya fita bai ji ɗuriyar masu dakon ruwa da itace da suka riƙe gidan ba. Duk wanda ya san fada mai rai, da dogarai da masu kai gaisuwa da hayaniyar ƙofa, zai ji cewa an adana zinariya an bar mutane a baya.

Lambun ya fi ginin faɗin gaskiya. André Le Nôtre ya tsara shi a fadama, wurin da babu isasshen ruwa mai gudu. Aka gina injin Marly mai manyan ƙafafu 14 don ɗago ruwan kogin Seine, bai wadatar ba. Aka tura dubban sojoji haƙa hanyar ruwa daga kogin Eure, zazzaɓi ya kashe da yawa, yaƙi ya zo a 1688 aka watsar da aikin. Dole masu kula da famfuna suka riƙa yi wa juna fito, a buɗe ruwa inda sarki ya dosa, a rufe da zarar ya wuce.

Har yau da hannu ake murɗa waɗannan famfunan, da dogon mabuɗin ƙarfe. Guguwar Disamban 1999 ta kayar da itatuwa kusan 10,000, aka shafe shekaru ana sake dashe. A nan mai ziyara yana ganin ma'aikata da almakashi da tsani suna aske shinge, kuma ina ganin daga wajensu ya kamata masu rakiya su fara ba da labarin fadar.