Kulle ko Jam'iyya? Sharhi Kan Ƙarancin Mata a Majalisa

Manazarta sukan ɗora wa kulle alhakin ƙarancin mata a majalisa, amma wannan hujja ba ta gamsarwa. Tun 1976 matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, kuma a Ikara da Maƙarfi da Kudan sukan yi dogon layi ranar zaɓe. Cikas ɗin yana cikin jam'iyya: tsadar takardar takara, tarukan dare, da muƙamin "shugabar mata", wanda amfaninsa tara wa maza ƙuri'u. A 2022 ma Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru. Saboda haka ya kamata nazari ya karkata ga tsarin fid da 'yan takara.