Tsofaffin Littattafan Jirgin Balan-balan: Wanne Za a Gaskata?

A biranen Turai akwai waɗansu mutane waɗanda ba su da wata sana'a sai cinikin tsofaffin littattafai. In an sami littafin da ya daɗe, ya kuma yi ƙaranci a duniya, sai a kai shi gwanjo, attajirai da manyan ɗakunan karatu su yi ta tayawa. Cikin irin littattafan da a ke rububinsu haka har da waɗanda aka buga tsakanin 1783 da 1786 a kan farkon tashin ɗan Adam sama cikin jirgin balan-balan. To, ku 'yan makaranta, ɗan kasuwa shi ke da ikon yanka wa littafi kuɗi, amma ba shi zai gaya muku ko abin da ke ciki gaskiya ne ba. Wannan aikin mai karatu ne. Saboda haka muka ɗauko huɗu daga cikinsu don mu auna su tare da ku. Neman su ba wuya yanzu, gama an ɗauki hoton shafukansu an zuba a intanet, ko wa ya iya Turanci ko Faransanci yana iya dubawa.

Bari mu fara ba ku labarin a taƙaice. A wani gari na Faransa wai shi Annonay akwai wa da ƙane, Joseph da Étienne Montgolfier, masu sana'ar yin takarda. Ran 4 ga watan Yuni, 1783, suka tara jama'a, suka kawo wani ƙaton buhu na yadi wanda aka liƙa wa takarda daga ciki, aka haɗa ƙyallayensa da maɓallai. Suka hura wuta a ƙarƙashin bakinsa da karan alkama da gashin tumaki. Buhun ya kumbura, aka sake shi, ya tashi ba kowa ciki, ya yi wajen minti 10 a sama kāna ya faɗo. Ran 19 ga Satumba aka sake gwadawa a fadar Versailles gaban Sarki Louis na 16, aka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara, suka sauko da ransu. Sa'an nan ran 21 ga Nuwamba mutum biyu, Pilâtre de Rozier da Marquis d'Arlandes, suka tashi daga gefen birnin Paris, suka yi kamar minti 25, suka sauka bayan tafiyar mil 5 da ɗoriya.

Littafin da ya fara tattara wannan labari shi ne na Faujas de Saint-Fond, wanda aka buga a Paris kafin shekarar 1783 ta ƙare, na biyunsa kuma ya biyo a 1784. Sunansa da Faransanci dogo ne ƙwarai, ya kusa cika shafi, masu ciniki su kan taƙaita shi su ce Description des expériences. Shi Faujas masanin duwatsu ne, ya riga ya yi littafi a kan matattun duwatsu masu aman wuta na lardin da Annonay ta ke. Abin da ya sa littafinsa ya ke da daraja shi ne, yawancin abin da aka yi a Paris a kan idonsa aka yi, ya kuma san mutanen da suka yi shi. Yana ba da awon kowane buhu, da nauyinsa, da irin yadin da aka yi shi da shi, har da yadda a ke yanka ƙyallaye a ɗinka su su ba da siffar ƙwallo. Ga kuma zane-zane da aka sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe.

Wurin da ya fi daɗin karatu a ganinmu, wasiƙar da d'Arlandes ya rubuto wa Faujas ce bayan sun sauka. Mutumin bai ɓoye kome ba. Ya faɗi yadda kallon birni daga sama ya ɗauke masa hankali har ya manta da aikinsa na zuba kara a wuta, sai da abokinsa ya yi ta tsawata masa. Ya faɗi yadda ya duba ya ga tartsatsi ya huda yadin, ya ɗauki jiƙaƙƙen soso yana kashewa, yana roƙo a sauka, ga su kuwa a kan rufin gidajen mutane. Mutumin da ya ke son a ɗauke shi jarumi ba ya rubuta haka game da kansa, don haka mun fi sakin jiki da shi.

Amma fa Faujas yana da gefe. Ran 27 ga Agusta, 1783, wani malamin kimiyya, Jacques Charles, tare da 'yan'uwa biyu masu suna Robert, suka saki wani balan-balan na siliki da aka shafe da danko. Wannan ba wuta a ƙarƙashinsa. An cika shi da iskar haidirojin, wadda a ke samu in an zuba wa garin ƙarfe ruwan nan mai ci irin na batirin mota. Ya yi tafiyar fiye da mil 10 ya faɗa ƙauyen Gonesse, mutanen ƙauye suka zaci dodo ne suka far masa da kayan noma. Faujas ne ya tara gudummawar kuɗin da aka yi wannan aiki, daga baya kuma suka ɓata da Charles a kan wa ya cancanci yabo. Ku dubi sunan littafin kawai, za ku ga inda ya karkata: na'urar ya ce ta Montgolfier ce, sauran gwaje-gwaje duka ya lissafa su cikin abin da wannan ganowa ta haifar. Alhali kuwa dabara biyu ce daban. Ta Charles ita ce ta ci gaba da aiki har fiye da shekara 150, saboda shi ne ya sa wa nasa raga, da murfin rage iska, da buhunan yashi na rage nauyi, ya tashi da shi ran 1 ga Disamba ya yi wajen awa 2 a sama. Na wuta kuwa kusan an yi watsi da shi, sai a 1960 wani Ba'amurke, Ed Yost, ya farfaɗo da shi da murhun gas.

Akwai wani abin kuma wanda ya fi wannan nauyi ga ɗalibin kimiyya. Su Montgolfier sun ɗauka hayaƙi ne ke ɗaga buhun, watau wai akwai wata iska ta musamman da ke fita daga ƙonannen kara da gashi. Don haka a Versailles har tsofaffin takalma da ruɓaɓɓen nama aka zuba a wutar don hayaƙin ya yi kauri. Faujas ya ba wannan iska wuri a littafinsa, ya jera ta kusa da haidirojin kamar abu biyu ne masu kama da juna. Gaskiyar magana ita ce babu wata iska sabuwa. Iskar da mu ke shaƙa ce, in ta yi zafi sai ta buɗe, wani kashi ya fice ta bakin buhu, abin da ya rage ciki ya fi na waje sauƙi. In zafinta ya kai na tafasasshen ruwa, nauyinta ya kan ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Haidirojin kuwa ta fi iska sauƙi wajen sau 14, shi ya sa buhun Charles ƙarami ne, na Montgolfier kuwa kamar gidan sama. Kun ga ke nan, mutum ya iya ƙera abu ya yi aiki sarai, bai kuwa san dalilin da ya sa ya ke aikin ba. Ko ranar farko ma, tsofaffin littattafai da yawa 5 ga Yuni suka rubuta, sai da masu tarihi na baya suka bi takardun gidan Montgolfier suka tsayar da 4.

Wanda ya daidaita maganar hayaƙi ga masu karatun Turanci shi ne Tiberius Cavallo, mutumin Naples mazaunin Landan, cikin littafinsa The History and Practice of Aerostation na 1785. Ya raba shi kashi biyu, tarihi da kuma yadda a ke aikin. In da za a ce mu zaɓi guda ɗaya mu ba ɗalibi, wannan za mu ba shi, ko da ya ke ba shi da gishirin labari kamar sauran. Cavallo ya koma baya ya kawo tunanin mutanen dā, kamar Francesco Lana wanda a 1670 ya ba da shawara a zuƙe iska daga manyan ƙwallaye huɗu na jan ƙarfe su ɗaga kwalekwale, abin da ba shi yiwuwa, gama nauyin iskar waje zai murƙushe su. Ya kuma ba da labarin nasa gwajin na 1782. Ya cika mafitsarar dabba da haidirojin, ta yi nauyi ta ƙi tashi. Ya gwada buhun takarda, iskar ta tsiyaye ta jikin takardar. Abin da ya tashi masa kaɗai shi ne kumfar sabulu. Ga mutumin da saura ƙiris ya riga kowa, ya kuwa zauna ya rubuta tarihin waɗanda suka riga shi ba tare da ya rage musu kome ba. Aibinsa ɗaya, yawancin tashin da aka yi a Faransa bai gani da idonsa ba, daga Faujas da jaridu ya ɗebo, don haka inda suka yi tuntuɓe a kan awo ko kwanan wata ba abin da zai hana shi bin sawunsu.

Na uku ba za mu daɗe a kansa ba. Vincenzo Lunardi, wani saurayi Ba'italiye, sakataren jakadan Naples a Ingila, ya tashi daga Landan ran 15 ga Satumba, 1784, da kare da kyanwa da tantabara, ya sauka bayan mil 24. Nan da nan ya fitar da littafi cikin siffar wasiƙu zuwa ga mariƙinsa. Yana da daɗi, amma kirarin kai ya yi yawa. A ciki za ku ji wai masu yanke shari'a sun gaggauta sallamar mai laifi don su fita kallo, wai kuma wata mace ta mutu don firgita da ta ga filafilinsa ɗaya ya faɗo ta zaci shi ne. Ya kuma nace wai da filafili ya tuƙo jirgin ƙasa, kamar mai tuƙa kwalekwale. Ku gwada lissafi da kanku: ƙaton buhu mai faɗin ƙafa 30 da wani abu, ina ƙarfin hannun mutum guda da zai ja shi ƙasa da ɗan filafili? Iskar ciki ce ta ragu ko ta yi sanyi. Ya kamata kuma ku sani, ko da ya ke shi ne na farko a Ingila, James Tytler ya riga shi tashi a Edinburgh cikin watan Agusta, da balan-balan na wuta.

Mun bar na Thomas Baldwin a ƙarshe don ya bambanta da sauran. Sunansa Airopaidia, an buga shi a Chester a 1786. Baldwin ya karɓi jirgin Lunardi ya tashi shi kaɗai ran 8 ga Satumba, 1785, tafiyar 'yan awoyi, amma ya cika fiye da shafi 300 da labarinta. Gaskiya ya cika surutu, mai karatu ya kan gaji da lissafin kayan guzuri da shawarwari. Duk da haka shi ne ya yi abin da sauran ba su yi ba. Zanen Faujas duka daga ƙasa aka yi su, kana ganin jirgi a sama, taro na ɗaga huluna. Baldwin ya juyar da kallon, ya sa aka zana ƙasa yadda ta ke ga wanda ke cikin kwandon, kuma waɗannan su ne zane na farko da aka buga na ƙasa daga jirgi a sama. Ya lura cewa tuddai sun baje kamar tabarma, gari ya koma kamar taswira mai launi, kogin Dee kuma ya ga ya yi ja. Bai ce idonsa ne ya ruɗe shi ya share ba, ya rubuta abin da ya gani. Ya haɗa da wani shafi mai nuna hanyar da iska ta bi da shi, layi ne mai murɗe-murɗe, wanda shi kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ana tuƙa balan-balan da filafili.

Wani zai tambaya, me ya sa waɗannan littattafai suka yi wuyar samu, alhali an buga su da yawa a zamaninsu, har an juya na Faujas zuwa Jamusanci da Italiyanci? Laifin ba na takarda ba ne, gama takardar wancan zamani da tsumma a ke yin ta, ta fi ta itace ta baya ƙarko nesa. Zanen ne ya jawo musu. Mutane sun daɗe suna yanke hotunan suna sa su cikin gilashi suna ratayewa a bango, ko su sayar ɗai-ɗai, a bar littafin ba hoto. Saboda haka abu na farko da mai saye ke yi shi ne ya ƙirga zanen, ya kuma duba ko littafin Faujas na biyu yana tare da na farko. Cikakku da yawa sun riga sun shige manyan ɗakunan karatu, ba kuwa su sake fitowa kasuwa. Tarin Gaston Tissandier, wani Bafaranshe mai hawan balan-balan wanda ya daɗe yana tara irin waɗannan takardu, yanzu yana ɗakin karatu na Majalisar Amurka a Washington.

In kun samu dama kun karanta wasiƙar d'Arlandes, ku lura da muryar Pilâtre a ciki, mai cewa a ƙara wuta sa'ad da abokinsa ke cewa a sauka. Ran 15 ga Yuni, 1785, ya yi niyyar ƙetare teku daga Faransa zuwa Ingila cikin wani jirgi da ya haɗa dabarun biyu, buhun haidirojin a sama, buhun wuta a ƙarƙashinsa. Jirgin ya faɗo kusa da Boulogne, shi da abokin tafiyarsa Pierre Romain suka mutu. Littafin Faujas na biyu ya riga ya fito shekara guda kafin nan, don haka babu wannan a cikinsa.