Masu Gyaran Keke a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Daga Tambuwal, wadda take kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, hanyoyin burji da turbobi suna ratsa tudu da fadama zuwa Sanyinna, sannan kudu zuwa Kebbe da Kuchi, kuma a kan waɗannan hanyoyi keke ya daɗe yana ɗaukar manomi zuwa gona, ɗan koli zuwa kasuwar mako, malami zuwa makarantar ƙauye. Abin da ya sa wannan zirga-zirga ba ta yankewa shi ne aikin masu gyaran keke da suke zaune a ƙarƙashin bishiyoyin bakin kasuwa.

Mafi yawan aikinsu faci ne, wato liƙe hujin da ƙaya, musamman tsidau, take yi wa robar cikin taya, inda mai gyara yakan hura ta da famfo, ya tsoma ta a ruwa har kumfa ya nuna wurin hujin, sannan ya kankare, ya shafa gam, ya ɗora ƙyallen roba. Gwanintarsu ta gaske tana bayyana wajen miƙe ƙafar keke da ta karkace ta hanyar ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, aikin da yake buƙatar ido da haƙuri, kuma da shi ne tsofaffin Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin suke ci gaba da ɗaukar buhun gero.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin kabu-kabu ya hau, abin da ya ƙara wa keke muhimmanci, saboda haka waɗannan masu sana'a sun cancanci ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su tallafa musu da rumfuna da kayan aiki.