Yadda Ƙananan Jam'iyyu Ke Samun Baki a Majalisar Turai

Duk manomin da ke kai masara kasuwar Funtua ko Malumfashi ya san mai buhu biyar ba ya ɗaukar tirela shi kaɗai, sai ya nemi 'yan'uwansa su haɗa kaya su cika mota. Haka ƙananan jam'iyyu suke yi a Majalisar Tarayyar Turai mai kujeru 720, kuma yadda suke yi ɗin abin kallo ne.

Da ƙirga ake farawa. Ba a kafa rukuni sai an tara wakilai 23 daga ƙasashe 7 aƙalla. Rukuni ne ke samun kuɗin ɗaukar ma'aikata da lokacin magana mai tsoka da kujera a taron shugabanni. Wanda ya ƙi wahalar neman abokai sai ya zauna a baya yana jiran alawus.

A 1999 jam'iyyun kare muhalli suka ƙulla ƙawance da jam'iyyun yankuna, irin na Kataloniya da Galisiya a Sifaniya. Wannan damuwarsa hayaƙi da maganin feshi, wancan harshensa da 'yancin yankinsa. Gwanin sulhu ba ya cewa sai sun zama ɗaya. Yakan tsince abin da suka yarda da shi a rubuta, sauran a bar wa kowa nasa. Mu ma mun san wannan sana'a, don a 1964 NEPU ta Malam Aminu Kano da UMBC ta Joseph Tarka sun shiga inuwar UPGA tare, alhali ba abu ɗaya ya kawo su ba.

Wajen rabo ne ake gane gwani. A zaɓen 2024 rukunin masu kare muhalli da 'yan yankuna ya samu kujeru 53, bayan zaɓen kuma aka ba Terry Reintke 'yar Jamus da Bas Eickhout ɗan Holan shugabancinsa tare. Ana raba shugabancin kwamitoci da lissafin D'Hondt: a raba kujerun kowane rukuni da 1, sannan da 2, sannan da 3, a jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, kowa ya zaɓa idan layi ya zo kansa. Tun kafin a zauna, gwani ya san na nawa ne shi a layi, ya kuma san abin da na gabansa zai ɗauka.

Akwai kuma maki da ake ba kowane rukuni gwargwadon girmansa, da su ake tayin rubuta rahoto kan kowane ƙudurin doka. Mai haƙuri yakan ƙyale ƙananan ƙudurori su wuce, ya tara makinsa sai wanda ya dame shi ya zo. In ya rasa, sai rukuninsa ya naɗa mai bin sawu, wanda zai bi rubutun layi-layi yana cusa gyara.

Kada mai karatu ya ce ina ruwansa. Dokar 2005 da ta iyakance ragowar maganin ƙwari a abinci ta wannan majalisa ta bi, kuma da ma'auninta aka hana waken Najeriya shiga Turai a 2015.